Numfashi 20, numfashi 20, numfashi 20: wa ya ƙirga?

Sista Rifkatu:
Barkanmu da yamma 'yan uwa. Akwai abin da nake so mu tattauna, amma don Allah kada kowa ya kama sunan asibitin da yake aiki, ba tonon silili na zo yi ba. Tun da aka mayar da mu rubuta awon majinyata a kwamfuta na lura gurbin numfashi, wato sau nawa mutum ke numfashi a minti ɗaya, kusan kullum 20 ne ko 18. Gado na ɗaya 20, na biyu 20, mai ciwon huhu 20, wanda aka yi wa tiyata jiya 20, tsohon da ke sharar barci shi ma 20. Safe da rana da dare duk haka. Zafin jiki yana canzawa, BP, wato awon hawan jini, yana canzawa, bugun zuciya yana canzawa, domin na'ura ce ke ba mu su. Numfashi kaɗai ne sai mutum ya tsaya ya ƙirga da idonsa, kuma shi kaɗai ne ba ya motsi. Ga manhajar ba ta yarda ka adana sai ka cike kowane gurbi. To ku gaya mini, da a bar gurbi fayau da a sa lambar da ba a ƙirga ba, wanne ya fi?

Nas Abdul:
Anti Rifkatu, Allah ya bar mana ku, amma ku zo aikin dare ku gani. Mu biyu ne, ɗaki cike har da masu kwana a kan benci. Ga ƙarin ruwa ya ƙare a can, ga allurar ƙarfe goma, ga ɗan uwan majinyaci yana ja maka riga. Kwamfuta ɗaya ce a teburinmu, ita ma sai netiwok ya ga dama. Kuma ba ƙarya ake shararawa ba. Mutumin da ke haki ai da ido za ka gane shi tun daga bakin ƙofa. Wanda ke kwance lafiya lau, ka sa masa 20, me ya lalace?

Sista Rifkatu:
Abdul, ni ma na yi aikin daren nan har na gaji, na san zafinsa. Amma mai numfashi 24 ba ya haki yadda za ka hango daga ƙofa. Nan ne matsalar take.

Hajiya Matiron:
Assalamu alaikum. 'Ya'yana, kada ku ɗora wa kwamfuta laifin da ya girme ta. Wannan 20 ɗin tun zamanin takarda muke faɗa a kanta. Bambancin kawai shi ne a da takardar awo tana rataye a ƙafar gado, zafin jiki da shuɗin biro, bugun zuciya da ja, ana ɗiga ɗigo ana haɗa layi. Kina shigowa zagaye, ko ba ki karanta lamba ɗaya ba, idonki zai ga jan layin yana hawa tun jiya. In na ga layin numfashi ya miƙe sumul kwana uku, na san ba a ƙirga ba, sai in kira mai aikin mu tsaya tare a gaban gadon. Yanzu lambobin suna cikin akwati, sai wanda ya zauna ya buɗe.

Kuma ƙirgar ba wani abu ba ce. Bayan kin gama jin bugun jijiya, kada ki saki hannunsa, ki ci gaba da riƙewa kamar ba ki gama ba, idonki a kan ƙirjinsa ko cikinsa. In kika ce masa "zan ƙirga numfashinka" kin ɓata awon, domin zai fara sarrafa shi. Minti ɗaya cur. In numfashin yana tafiya daidai, a babba, ki yi daƙiƙa 30 ki ninka. Amma daƙiƙa 15 a ninka huɗu, wannan ban taɓa yarda da shi ba, kuskuren numfashi ɗaya ya zama huɗu.

Dakta Sadiq:
Ranki ya daɗe Hajiya, kun gama magana. Bari in nuna wa Abdul abin da ke lalacewa, da lissafi. Manhajojin asibiti da yawa suna haɗa awon su fitar da maki ɗaya na gargaɗi. Wanda aka fi sani shi ne NEWS2, na ƙungiyar likitocin Royal College of Physicians ta Landan. Sun fitar da na farko a 2012, suka gyara shi a 2017. Abu shida yake dubawa: numfashi, iskar oksijin a jini, lambar sama ta BP, bugun zuciya, zafin jiki, da hayyacin mutum. In an sa masa oksijin a ƙara maki 2.

Ɗauki mutum mai zazzaɓi. Zafi 38.4, maki 1. Bugu 104, maki 1. BP 105/65, maki 1. Oksijin 94, maki 1. Yana cikin hayyacinsa, yana ma hira da matarsa. Kowace lamba ita kaɗai ba ta da ban tsoro. In ka rubuta masa numfashi 20, ba maki a nan, jimla 4, sai a sake duba shi bayan awa 4 zuwa 6. In ka ƙirga ka samu 24, maki 2 ne, jimla 6. Daga 5 zuwa sama ƙa'ida ita ce a kira likita ya zo da gaggawa, a riƙa awo duk awa. Ka ga lamba ɗaya ta raba tsakanin "sai da asuba" da "a taso likita yanzu". Kuma a cikin alamomin nan numfashi yana cikin waɗanda ke fara canzawa in jiki ya soma rikicewa, ko ƙwayar cuta ta shiga jini, ko jini na zuba a ciki. BP kan riƙe kansa ya daɗe, musamman a matashi, sai can ya faɗi gaba ɗaya.

Nas Abdul:
Na ji lissafin Likita, kuma ban musa ba. Amma a Ingila aka tsara shi, inda in maki ya kai 5 akwai wanda zai zo. Mu nan in na kira, likita ɗaya ne ke riƙe da imajansi da ɗakuna uku. Na ƙirga, na samu 24, allo ya yi ja, na kira, an ce yana tiyata. Sai me?

Dakta Sadiq:
Sai ka rubuta cewa ka kira da ƙarfe kaza, ka ɗaga kan gadon, ka sake awo bayan rabin awa, ka sake kira. In na fito daga tiyata na tarar da kira uku, wanda ka ce min "6 ne kuma yana hawa" shi zan fara zuwa. In duk 4 ne a allo, da me zan zaɓa?

Maman Ilham:
Ku dakata da makin nan kafin ɗalibai su ɗauka ko'ina yake aiki. Su kansu masu shi sun ce ba na masu ciki ba ne, ba kuma na yaran da ba su kai shekara 16 ba. Mu a ɗakin haihuwa lissafinmu daban. Mai ciki da ta wuce sati 20 ta zo da 150/100, a wancan makin ba ta da ko ɗaya, domin lambar sama sai ta kai 220 yake tankawa, ta ƙasa kuwa ba ya ma kallonta. Alhali mu daga 140/90 mun fara duba fitsari muna tambayar ciwon kai da ganin duhu-duhu, in ta kai 160/110 kuwa ba zama, jijjiga na iya zuwa ko yaushe. In manhajar ta nuna miki kore a kan irin wannan matar, ke kuma kika yarda da koren, kin shiga uku.

Haka bayan haihuwa. Mace tana zubar da jini a hankali, BP 110/70, kowa ya ce lafiya. Bugu kuma 112. Raba bugun da lambar sama, in ya kai 0.9 ko ya wuce ki tashi tsaye. 112 a kan 110 ya haura 1. Wannan ba sai da kwamfuta ba, da ka ake yi: duk lokacin da bugu ya kamo lambar sama ta BP ko ya wuce ta, akwai magana.

Game da 20 ɗin Sista Rifkatu kuwa, wurinmu abin ya fi haɗari. Matar da ke kan allurar magnesium sulphate, wadda ake yi don hana jijjiga, kafin a ƙara mata wata sai an tabbatar numfashinta bai gaza 16 ba, gwiwa tana harbawa in an buga, fitsari yana fita aƙalla mil 30 a awa. Maganin da kansa yana iya danne numfashi. In an saba rubuta 20 da ka, ranar da numfashinta ya sauka 11 wa zai sani?

Zainab Ɗaliba:
Anti, in numfashin ya sauka haka me ake yi?

Maman Ilham:
A tsayar da maganin, a kira likita, a kawo calcium gluconate kusa, shi ne makarinsa. Shi ya sa ba a fara magnesium sai an san inda yake a cikin kabad. Ki tambaya ranar farko da aka tura ki ɗakin haihuwa, kada ki ji kunya.

Dakta Hauwa:
Na yara ma haka. Jariri sabon haihuwa bugunsa 140 lafiyarsa ƙalau, numfashi 45 ba komai ba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta saurin numfashi ita ce 60 zuwa sama ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Kuma yaro minti ɗaya cikakke ake ƙirga masa, yana kwance a jikin uwarsa ba yana tsala ihu ba, domin numfashin jarirai yana gudu ya tsaya ya sake gudu. Manhajar da aka saita da kyau tana duba shekaru ta zaɓi iyakar da ta dace. To amma daga ina take samun shekarun? Daga teburin yankar kati. Uwa ta ce "da azumin bara aka haife shi", mai kati ya buga 1 ga Janairu ya wuce. Yaro ɗan wata 10 ya koma ɗan shekara ɗaya da wani abu, ko akasin haka, iyakar numfashinsa ta canza ba wanda ya sani.

Sai nauyi. Don Allah a ɗora yaro a kan sikeli, a daina kintace. Artesunate na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ne a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba 3 ake ba shi a kowane kilo. In nauyin da ke kwamfuta na zuwansa na watannin baya ne aka kwafo, allurar ma ta watannin baya ce.

Malam Ɗanjuma na Kati:
Likita, a yi mana adalci. Mutum ya zo ba takardar haihuwa, layi ya kai bakin get, gurbin ranar haihuwa kuma dole ne. Ciwonmu ɗaya da su Abdul. Amma na karɓi gyara a kan yara, za mu riƙa tambayar wata nawa, ba shekara kawai ba.

Bulus na Kwamfuta:
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran a gama zagina. Bari in faɗi dalilin da ya sa ake kulle gurbin. In ɗaya ya ɓace, makin da Dakta Sadiq ya lissafa ba zai fita ba, ko ya fita ƙasa da gaskiya. Shi ya sa masu tsarawa suke cewa a cike duka. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne Anti Rifkatu ta gani.

Amma ni abin da ya fi damuna ba 20 ba ne, lokaci ne. Kowane awo yana da lokaci biyu: sa'ar da aka auna, da sa'ar da aka shigar. Abin da nake gani shi ne a zaga da ƙarfe biyun dare a rubuta a guntun takarda, ko a bayan kwalin safar hannu, na ma taɓa ganin an rubuta a filasta an manna a hannun riga, sai ƙarfe shida kafin miƙa aiki a zauna a zuba su duka. In ba a gyara gurbin lokacin awo ba, manhajar za ta ɗauka duk na ƙarfe shida ne. Likita ya zo da safe ya ga BP 100/60 "awa biyu da suka wuce", alhali awon ya yi awa shida. Gargaɗin da ya kamata ya tashi ƙarfe biyu sai ya tashi bayan an idar da sallar asuba. Ga shi kuma a guntun takarda ake musanya gado 7 da gado 8.

Sauran kurakuran hannu ne. A buga 370 maimakon 37.0. A sa 98.6 a gurbin da ke jiran Salshiyos saboda tamomitar tana kan Farenhait. A sa bugun zuciya a gurbin oksijin, domin na'urar yatsa lambobi biyu take nunawa, in ka riƙe ta a juye 88 da 97 sai su yi musanye. Na farkon biyu manhaja tana iya ƙin karɓa. Na ukun ba za ta gane ba, domin duka biyun lambobi ne masu yiwuwa.

Nas Abdul:
Oga Bulus, ba mu tabulet mu shigar a bakin gado mana. Ba wanda ke son rubutu sau biyu. Kuma in an ɗauke wuta, inbata ta yi ƙara ta mutu, ina za mu rubuta in ba a kwali ba?

Bulus na Kwamfuta:
Tabulet ba a aljihuna take ba, amma ina kai kukan. Na ɗaukewar wuta kuwa, ya kamata kowane ɗaki ya ajiye takardar awo ta gaske, mai sunan majinyaci da lambar katinsa da gurbin lokaci, don irin wannan ranar. In wuta ta dawo a shigar da lokacin da aka auna, ba lokacin da aka zauna ba. Kuma ku sani duk abin da aka shigar ko aka goge ko aka gyara yana nan a ajiye da sunan wanda ya shiga da minti. Wannan ya kawo ni kan masu barin shafinsu a buɗe duk ɗaki na amfani da shi, ko masu manna kalmar sirri a jikin allo. Ranar da aka zo bincike, sunanki ne a kan awon da ba ki yi ba, kina gida kina barci ma lokacin.

Malam Ɗanjuma na Kati:
A ƙara da masu ɗaukar hoton allo su tura wa likita ta WhatsApp da sunan majinyaci da komai a jiki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. In dole ne a tura, a rufe sunan. Kaduna ƙarama ce, wanda ke gado 4 surukin wani ne a cikin rukunin.

Zainab Ɗaliba:
Don Allah ina da tambaya kan na'urar yatsa. Wata amarya aka kawo, hannu duk lalle, na'urar ta ƙi nuna komai, can ta nuna 85 alhali matar tana zaune tana magana. Me zan shigar?

Dakta Sadiq:
Kada ki shigar da lambar da ke kanki ba ki yarda da ita ba, kada kuma ki ƙirƙiro 98 don ta fi kyan gani. Na'urar haske take harbawa ta cikin yatsa, duk abin da ya tare hasken zai rikita ta. Baƙin lalle da jan farce sun fi jan lalle na gargajiya damun ta. Nemi yatsan da ba shi da shi, ko na ƙafa, ko ki juya na'urar ta kama yatsan ta gefe. Hannu mai sanyi ma haka, da hunturu za ki sha ganin wannan, sai ki murza hannun ya ɗumama. Dabara ɗaya: ji bugun jijiyarta da hannunki, ki duba ko ya yi daidai da bugun da na'urar ke nunawa. In ba su yi daidai ba, lambar oksijin ɗin ma ba abin yarda ba ce. Ki jira lambar ta tsaya, ba ta farko da ta ɓullo ba.

Akwai kuma wanda ya shafe mu duka. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa a baƙar fata na'urar ta fi yawan nuna lamba sama da gaskiya. Mutanen da take cewa suna tsakanin 92 da 96 alhali jininsu na jijiya ya nuna ƙasa da 88, a baƙaƙe sun kusan ninka na farare sau uku. Mu kuwa duk majinyatanmu baƙaƙe ne. Don haka in ta ce 93 mutum kuma yana numfashi 28, numfashin za ki bi. Kin ga mun sake dawowa kan ƙirga.

Kuma duk lokacin da kika rubuta oksijin, ki rubuta ko a iskar ɗaki ne ko an sa masa, da lita nawa. 96 a kan lita 5 ba ɗaya ba ne da 96 ba komai a hanci.

Dakta Hauwa:
Ki ƙara da masu sikila. Wasunsu ko suna lafiya lambarsu ba ta kai ta sauran mutane. Amfanin kwamfutar ke nan na gaske, ki koma baya ki ga nawa yake zama ranar da ya zo asibiti lafiya. Wanda ya saba 94 ya zo da 93 daban, wanda ya saba 99 ya zo da 93 da zazzaɓi da ciwon ƙirji daban.

Malam Shehu Rigasa:
Ina gaishe da manya. Mu a ƙananan asibitocin unguwa har yanzu rajista ce da biro a wurinmu, ƙarshen wata a tattara alƙaluma su tafi DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman lafiya a ciki. Wancan kuwa jimla yake karɓa, mutum nawa suka zo, nawa ke da hawan jini, ba awon mutum ɗaya ba. Don haka in na tura muku majinyaci, abin da na rubuta a takardar turawa shi ne kaɗai tarihin da za ku samu. Roƙona shi ne mai karɓa ya shigar da awon nawa da lokacinsa, kada ya jefar da takardar. In na auna 170/110 da ƙarfe tara na ba da magani, ku kuka samu 140/90 da sha ɗaya, ba lafiya ce ta samu ba, magani ne ke aiki.

Abu biyu kuma da nake gani kullum. Tamomitar goshi da ta yaɗu lokacin korona: mutum ya sauko daga Keke da rana tsaka a watan Afrilu, goshi ya gasu, ta ce 38.5. Ya zauna a inuwa kaɗan ta ce 36.8. Da sanyin safiya kuma ta ce 35 ga mai zazzaɓi. In na yi shakka ta hammata nake komawa, kuma ina rubuta ta inda na auna. Na biyu ɗamarar awon BP. Guda ɗaya gare mu, matsakaiciya. In Hajiya mai jiki ta zo, ɗamarar ta yi mata kaɗan, lambar sai ta haura gaskiya. Ga mutum ya shigo a gajiye, bai huta ko minti biyar ba, ana awo yana ba da labari, hannu na reto. Da haka ake ɗora wa mutum hawan jinin da ba shi da shi.

Hajiya Matiron:
Malam Shehu, Allah ya yi albarka. Ka tuna min da masu son sifili. Na'ura ta ce 138/87, a rubuta 140/90. Ta ce 144/93, shi ma a rubuta 140/90. Abin da ta ce shi za a rubuta.

Sista Rifkatu:
Na gode kowa. Amma har yanzu ba a ba ni amsa ba. Bulus, za a iya buɗe gurbin ko ba za a iya ba?

Bulus na Kwamfuta:
Ana iyawa a yawancin manhajoji, in shugabanni sun sa hannu. Ba fayau za a bar shi ba. Za a sa zaɓin "ba a auna ba", sai ka faɗi dalili: majinyaci ya ƙi, ba ya kan gado, na'ura ta lalace. Makin kuma ya fito da alamar cewa bai cika ba, kada ya yi kore.

Hajiya Matiron:
A nan ne ban yarda ba. Na BP da oksijin na ji, na'ura tana lalacewa, batir yana ƙarewa. Amma numfashi wace na'ura ce za ta lalace? Ido ne da agogo. In kuka buɗe wannan ƙofar, wata ɗaya ba za a yi ba sai rabin ɗaki ya koma "ba a auna ba". Wanda ya ji nauyin tsayawa minti ɗaya ba zai ji nauyin danna maɓalli ba.

Sista Rifkatu:
Ranki ya daɗe, ko da hakan ta faru, ni na fi so. In na zo da safe na ga "ba a auna ba" a gado goma, na san gado goma ne zan je in ƙirga, na kuma san wanda zan tambaya, ina da abin da zan kai ofis in ce ga abin da ƙarancin ma'aikata ke jawowa. Amma 20 ba ta ba ni ko ɗaya. Ba zan iya bambanta 20 ta gaskiya da ta cike gurbi ba, likita ma ba zai iya ba. Kuma a takarda ɗakinmu ya cika aiki ɗari bisa ɗari, wa zai ƙaro mana mutum?

Hajiya Matiron:
Hujjarki ta ofis ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ina tsoron ɗalibai irin su Zainab su taso su ga barin awo abu ne da aka halatta.

Dakta Sadiq:
Akwai wata hanyar rage nauyin. Ba kowa ne ke buƙatar awo duk awa 4 ba. A tsarin NEWS2 mai maki 0 sau ɗaya a awa 12 ya isa a mafi ƙaranci, mai 1 zuwa 4 duk awa 4 zuwa 6, mai 5 ko 6 duk awa, mai 7 zuwa sama ba a ɗauke ido daga kansa. Mutumin da ke jiran sallama, ko mai karaya da ya yi sati yana cin tuwonsa, me ya sa za a tashe shi ƙarfe biyun dare? Mu likitoci ne muke rubuta "duk awa 4" ranar kwantarwa mu manta ba mu sake dubawa ba. In mun rage na masu sauƙi, Abdul zai samu mintin da zai tsaya a kan masu nauyi.

Maman Ilham:
Da sharaɗin 0 ɗin ta gaskiya ce. In da 20 ta ƙarya aka samo ta, kun bar mutum awa 12 ba mai leƙa shi.

Dakta Sadiq:
Haka ne Anti. Kuma ban ce da wanda ya fito daga tiyata ko mai ƙarin jini ko wanda ya bugu a ka ba, waɗannan nasu tsarin daban. Mai buguwar kai ma abin da ake tsoro shi ne BP na hawa bugu na sauka, kowanne shi kaɗai yana iya zama cikin iyaka, sai ka jera awo uku ka ga inda suka nufa. Shafin zanen da Hajiya take kewa yana nan a yawancin manhajojin, ba a buɗe shi ne kawai.

Bulus na Kwamfuta:
Yana nan. Ana ma iya sa shi ya zama shi ke fara buɗewa in an danna sunan majinyaci. Anti Rifkatu, ku rubuto min dalilan da kuke so a sa a ƙarƙashin "ba a auna ba", kada su wuce huɗu ko biyar, in haɗa da wannan in kai zaman kwamiti.

Hajiya Matiron:
In za ku yi, to ban da "aiki ya yi yawa" a cikin dalilan numfashi. Wanda zai bar shi ya rubuta dalilinsa da hannunsa, kuma sunansa ya fito a takardar miƙa aiki.

Sista Rifkatu:
A'a Hajiya, wannan dalilin shi ne na fi so a sa, shi ne gaskiyar. In an hana shi za a koma zaɓar "majinyaci ya ƙi".

Nas Abdul:
Ku dai ku daidaita. Oga Bulus, in za ka shiga kwamitin ka ƙara da agogon bango mai hannun daƙiƙa, na ɗakinmu ya tsaya tun kafin azumi, kuma an hana mu fito da waya a gaban majinyata.

Bulus na Kwamfuta:
Agogo ba sashena ba ne, na masu sito ne. Amma turo, zan sa a ƙasan takardar.